Butelin Gaz Mai Kilo 6 a Damagaram: Abin da Yake Rage wa Kuɗin Cefane da Abin da Ba Ya Iyawa

A gidan da ake ƙirga kuɗin cefane kowace safiya, abin da ake ƙonawa a ƙarƙashin tukunya yana cin rabo mai kauri, amma da wuya a ji wani ya lissafa shi, domin itace da gawayi kaɗan-kaɗan ake sayensu, na dala ashirin yau (dala ɗaya sefa 5 ce), na dala arba'in gobe, har wata ya mutu ba wanda ya tara jimilla ya ga nawa suka tashi. Ana kukan tsadar tiyar hatsi da litar mai da buhun shinkafa, ana mantawa da wutar da za ta dafa su. Wannan ne ya sa na ga ya dace in bayyana abin da na gani game da ƙaramin butelin gaz mai kilo 6, irin wanda ake ɗaura wa kai mai fitar da wuta a ɗora tukunya a bisansa kai tsaye, wanda yanzu ya shiga gidaje da yawa a Damagaram, daga Birni har Zango da Garin Malam. Gidanmu na mutum bakwai ne, albashi ɗaya ke riƙe da shi sai ɗan abin da sana'ar hannu take kawowa, kuma mun daɗe muna aiki da wannan buteli har mun san halinsa a rani da damina da hunturu. Hukuncina shi ne yana rage kashe kuɗi da gaske, amma sai an ɗauke shi a matsayin abokin aikin murhu, ba magajinsa ba, kuma sai gidan ya iya abin da ya fi komai wuya ga mai ƙaramin ƙarfi, wato ajiye kuɗi a dunƙule har ranar da za a buƙace su.

Abin da ya sa ma ake zancen gaz a gidan talaka a ƙasar nan bai wuce matatar mai ta SORAZ ba, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 a kan hanyar Tanut, kimanin kilomita 50 arewa da birnin nan. Ɗanyen man yana zuwa ne ta bututu daga rijiyoyin Agadem da ke jihar Diffa, matatar kuma an gina ta da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60 cikin 100, gwamnatin Nijar tana da 40. Ban da fetur da gazwal, tana fitar da gaz ɗin girki. Kafin wannan lokaci daga waje ake shigo da shi, kuma kayan gidan manyan ma'aikata ne da attajirai. Da aka fara samunsa a gida sai hukuma ta ƙayyade farashi a kan sefa 300 kowane kilo, cikon buteli mai kilo 3 ya zama sefa 900, mai kilo 6 sefa 1,800, wato jika biyu ba dala arba'in a lissafin kasuwa, inda jika ɗaya take sefa 1,000, babba mai kilo 12 da rabi kuma sefa 3,750. An yi haka ne don a rage saran itace a ƙasar da hamada take ci kullum. Wannan shi ne farashin da ke rubuce. Wanda ake biya a bakin shago kuwa yana da tasa maganar, kuma zan zo kanta.

Ga yadda lissafin ya kasance a wurinmu. Kafin gaz, ƙananan girke-girke kaɗai, wato kokon safe da ruwan shayi da ɗumame da miyar rana, suna cin gawayi da itace na dala arba'in zuwa hamsin a yini, wanda in aka tara ya kama jika shida zuwa bakwai da rabi a wata. Da muka mayar da su kan buteli, ciko biyu suna kai mu ƙarshen wata idan an yi tattali, wani lokaci ma na biyun ya tsallaka cikin sabon wata. Ko da an sayi kowane ciko a jika biyu cif, jika huɗu ke nan, kuma abin da ya saura ya isa sabulu da gishiri da magi da ashana na wata, har a sami canji. Ba wani sihiri a ciki. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, abin da yake isa tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, alhali kan gaz mai kyau yana isar da kusan rabi. Gawayi kuma yana da asara biyu da ba a gani: wanda yake ƙonewa ana fifita kafin wuta ta kama sosai, da wanda yake ci gaba da ci bayan an sauke tukunya. Gaz kuwa da ƙyasta ashana ya kai ƙarfinsa, da murɗa kai ya mutu, saboda haka abin da aka dafa da shi kawai ake biya.

Sai dai kafin a kai ga wannan riba akwai kuɗin shiga, kuma nan ne gidaje da yawa suke tsayawa. Butelin kansa da kai da ƙarfen ɗora tukunya sun haura jika goma nesa ba kusa ba, kuma a take ake biyansu. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 42,000 ne tun farkon 2024, bayan ya daɗe a kan 30,047, kuma akasarin mazauna garin nan ko wannan ba su da tabbacinsa, daga mai kabu-kabu zuwa mai tallar fura, za a gane cewa sayen buteli shawara ce da ake kwana a kanta. Mu da kwasar adashi muka saya, kuma ita ce hanyar da na ga mata da yawa suna bi. Ana samun na hannu da rahusa wurin wanda zai tashi daga gari ko wanda buƙata ta matsa, kuma ba laifi a saye shi, tun da dai butelin da aka saya ba shi ne zai zauna a gida ba, musanya ake yi duk lokacin ciko. Abin lura kawai shi ne a tabbatar na kamfanin da ake karɓa a shagunan unguwa ne, bai lotsa ba, gindinsa bai ci tsatsa ba, domin mai shago yana da ikon ƙin karɓar wanda ya lalace. Ga wanda ya rage jika biyu zuwa uku a wata, kuɗin shigar suna dawowa cikin ƙasa da shekara.

Game da ƙirarsa, butelin ba shi da abin zargi: gajere ne, mai faɗin gindi, mace ɗaya tana iya ɗaukarsa daga ɗaki zuwa tsakar gida, yaro matashi kuma yana kai shi shago a bayan keke. Rauninsa yana wurin kai. Kawunan da suka cika kasuwa iri-iri ne, kuma mafi arha cikinsu ƙarfensu sakayau ne, ramukansu suna toshewa da zarar miya ko koko ya zuba, sai wutar ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana fita daidai ta kowane gefe. Idan ta yi ja ko rawaya, gaz ne yake tafiya ba tare da ya ƙone sarai ba, wato kuɗi ne suke fita a banza. A nan ba na ba da shawarar a bi arha. Kai mai nauyi a hannu, wanda makunninsa yake juyawa a hankali har a iya rage wuta ta yi ƙasa sosai ba tare da ta mutu ba, ya fi ƙarfin bambancin kuɗin da ke tsakaninsa da na banza, domin rabin tattalin gaz yana cikin iya rage wuta. Akwai kuma ƴar robar da ke bakin buteli, wadda ita ce take hana yoyo. Kuɗinta ba su taka kara sun karya ba, kuma ya kamata a ajiye guda ɗaya ko biyu a gida.

Inda butelin ya fi nuna amfaninsa shi ne girkin gaggawa. Ruwan koko yana tafasa kafin yara su gama shirin makaranta, taliya da dafa-duka da miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya duk suna nuna cikin ɗan lokaci, ɗumamen tuwo kuwa ba ya buƙatar a hura wuta gaba ɗaya saboda malmala uku. A watan azumi darajarsa takan ninka, domin wadda ta taɓa tashi cikin dare tana neman kalanzir ko leda don ta tada wutar sahur ta san abin da ake nufi da a murɗa kai wuta ta kama. Haka ma da damina, musamman a watan Agusta, lokacin da itace yake jiƙewa, masu sayarwa suna rage ƙulli, hayaƙi kuma ya cika gida kafin tukunya ta yi zafi. A irin waɗannan ranaku ko ba a yi lissafin kuɗi ba an san an huta.

Inda yake gazawa kuwa shi ne ainihin abincinmu. Tuwon hatsi na gida mai yawa ba aikin wannan buteli ba ne. Na farko, babbar tukunyar dalma ta fi ƙarfin ƙarfen da ake ɗorawa, tana zama a sama tana rawa, kuma tuƙi da muciya yana buƙatar tukunyar da ta kafu a ƙasa, wadda za a danne a juya da ƙarfi ba tare da tsoron kifewa ba. Tuƙa tuwon mutum bakwai a bisa buteli neman ƙuna ne. Na biyu, daga tafasar ruwa zuwa talge zuwa tuƙi zuwa sulala lokaci ne mai tsawo, kuma duk tsawonsa gaz yana tafiya. Haka wake, haka ganda da ƙafar saniya, haka dahuwar dawon fura mai yawa. Duk gidan da ya mayar da waɗannan kan ƙaramin buteli zai ga ciko yana ƙarewa cikin mako guda ko ƙasa da haka, sai ya yanke hukuncin cewa gaz yaudara ce, alhali aikin da ba nasa ba aka ba shi. Ruwan wanka da hunturu ma haka ne, balle ruwan wankan jego, balle suyar naman layya ko girkin suna. Waɗannan na murhu ne, kuma ban ga dalilin jin kunyar hakan ba. Mu dai abin da muka tsaya a kai shi ne tuwon dare a murhun ƙarfe mai tsimin itace, irin wanda aka daɗe da sani da Mai Sauƙi kuma maƙeran garin nan suke ƙerawa, miyarsa kuma a kan gaz.

Tsawon kwanan da ciko yake yi ya dogara ga hannun mai girki fiye da butelin kansa, kuma wannan ne ya sa gida biyu masu yawan mutane ɗaya za su ba da labari daban. Da itace an saba a hura wuta tukuna, sannan a zauna gyaran kayan miya tana ci; da gaz wannan ɗabi'a ita ce babbar ɓarna. Sai an gama jajjage, an yanka albasa, an wanke shinkafa, an auna ruwa, sannan a ƙyasta ashana. Tukunya ba ta zama a buɗe, kuma da ta tafasa sai a rage wuta, domin ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar, tururi kawai yake zama. Iska ma tana cin gaz ƙwarai, musamman da hunturu, lokacin da take kaɗa harshen wuta gefe guda tukunya tana zaune a banza. A girka a lungun da iska ba ta bugawa, ko a kare da guntun kwano, amma ba a cikin ɗaki rufaffe ba. Idan dole ta sa a dafa wake a kan gaz, a jiƙa shi tun dare, a sa ƴar kanwa, zai nuna cikin rabin lokacinsa. Akwai kuma wata dabara da na koya wurin wata maƙwabciya: shinkafa ko wake in sun tafasa sosai sai a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a cusa cikin kwando, zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar ba tare da wuta ba. Ruwan shayi kuma a tafasa sau ɗaya a zuba a tarmos, maimakon a kunna wuta duk lokacin da baƙo ya yi sallama.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne gaskiyar matsalar, wanda masu yabon gaz ba su cika faɗa ba. Rayuwar mai ƙaramin ƙarfi a kan sayen yau-da-yau aka gina ta: man dala ashirin, tumatir na dala goma, magi biyu, gawayi leda ɗaya. Ba don bai san sari ya fi arha ba ne, don abin da ya shigo yau shi ake ci yau. Itace da gawayi sun dace da wannan tsari, kuma mai gawayin unguwa yana ba da bashi har gobe. Gaz bai san wannan ba. Ranar da ya ƙare jika biyu yake nema a dunƙule, kuma ba ya duba ko ashirin ga wata ne. Na ga gidaje da dama da buteli yake jingine a lungu fanko, an koma gawayi, ba don gaz ya fi tsada ba, sai don a ranar da ya ƙare ba a da kuɗin ciko, gobe ma babu, har aka saba. Wanda ya sayi buteli bai shirya wa wannan rana ba ya sayi kayan ado.

Maganin da muka samu mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar riƙewa: kuɗin gawayin da aka saba fitarwa kullum ba a daina fitar da su ba, asusu ake jefa su, dala talatin kowace safiya, kuma ba a taɓa su ko da mai tallar atamfa ta zo. Kafin butelin ya ƙare kuɗin cikonsa sun taru. A nan akwai maganar da ya kamata miji da mata su yi ta a fili tun ranar farko. A gidaje da yawa kuɗin itace suna cikin kuɗin cefane, kuma abin da uwargida ta tsimta a ciki nata ne, da shi take zubin adashi. In gaz ya shigo, wani maigidan sai ya zare kuɗin itace daga cefane da cewa ai yanzu akwai gaz, ranar ciko kuma ya ce ba shi da su, sai nauyin ya koma kan matar. Idan ba a daidaita wanda zai riƙa ciko ba, ribar da ake magana za ta koma gardama.

Wani aibin kuma shi ne ba ya sallama kafin ya tafi. Tulin itace ana ganinsa yana raguwa, buhun gawayi ana ganin gindinsa, amma buteli ƙarfe ne rufaffe, kuma ga al'ada tsakiyar girki yake mutuwa. Ana iya ɗaga shi a ji nauyi, ko a girgiza a hankali a ji motsin ruwan da ke ciki, tun da gaz ɗin a matse yake ya zama ruwa. Wasu suna shafa jiƙaƙƙen tsumma a jikinsa bayan an gama girki, sashen da babu komai yakan riga bushewa, sai a ga iyakar abin da ya saura. Duk da haka ban taɓa yarda gida ya zauna babu ɗan gawayin ko-ta-kwana ba.

Shagunan da ake musanya su ma sashe ne na abin da aka saya, domin buteli ba shi da amfani in babu inda za a kai shi. Kamfanonin da suke cikawa suna da yawa, kowanne da launin butelinsa, kuma ba kowane shago yake karɓar na kowa ba. Wanda ya sayi nau'in da ba a cika kawowa unguwarsu ba zai riƙa jin “Hajiya, wannan ba namu ba ne, sai dai ki gwada gaba,” kuma kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa suna iya cinye rabin ribar watan. Saboda haka kafin a saya a fara zagaya shagunan da ƙafa take kaiwa a ga wane launi ya fi yawa. Mai shagon da muke hulɗa da shi yana da hali biyu da suka sa na riƙe shi: yana barin mutum ya zaɓi butelin da hatimin bakinsa bai taɓu ba, kuma yana da ma'auni a rataye, ba ya ɓata rai in an ce a auna. Nauyin butelin fanko a buge yake a jikinsa, in an ɗora kilo 6 a kai an san abin da ya kamata ma'auni ya nuna. Ba kowane mai shago yake son wannan tambaya ba, kuma wanda ya ƙi ta ya ba da amsa.

Sai kuma ƙarancin gaz, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Yakan faru idan matata ta tsaya don gyara, ko buƙata ta yi yawa kamar lokacin sanyi da azumi, kuma arharsa a nan idan aka kwatanta da maƙwabta tana sa wasu su karkatar da shi zuwa ƙetaren iyaka. A irin wannan lokaci farashin hukuma yana nan a rubuce, amma a bakin shago sai a ji an ɗora, wani wurin ma a ce babu alhali na ciki an ajiye wa masu biya da tsoka. Abin yana da ciwo ga mutumin Damagaram, ganin cewa motocin da suke ɗauko shi ta gefen garinsa suke wucewa. A lissafina, in cikon kilo 6 ya kai jika uku da rabi, ribarsa a kan gawayi ta ƙare, abin da ya rage sauƙi ne kawai, kuma a lokacin gara a taƙaita shi ga kokon safe da shayi har kasuwa ta sauka. Masu hali suna ajiye buteli biyu don irin wannan rana, amma wannan wani kuɗin shiga ne na biyu.

Tsoron gaz shi ne ya hana wasu gidaje karɓarsa, kuma tsoron yana da tushe, sai dai abin da ake kiyayewa ba shi da yawa. Gaz ɗin ba shi da wari a asalinsa, da gangan ake zuba masa warin nan don a ji in yana yoyo. Ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya ya taru a ɗaki maimakon ya tashi. In an ji warinsa ba a ƙyasta ashana, ba a taɓa makunnin lantarki, sai a buɗe ƙofa da taga a fitar da butelin fili. Gwajin yoyo da kumfar sabulu ake yi a bakin kai, in ta yi ƙwai-ƙwai akwai matsala. Gwadawa da wuta ganganci ne. Ba a kwantar da shi ana girki don a tatse ragowar, ba a ajiye shi kusa da murhu, ba a barinsa a rana, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin garin nan yake haura digiri 40. Abin da na fi jin tsoro a ƙaramin buteli ma ba fashewa ba ne, tsayinsa ne: wutar tana daidai gwiwa, shuɗiya ce ba a ganinta sosai da rana, kuma bakin hijabi ko zanen leda yana kamawa nan take, ga yaro mai rarrafe da yake iya jawo tukunya. Gawayi ma dai ba tsira ba ne, domin kowane hunturu ana gargaɗi a kan shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Akwai ribar da ba ta shiga lissafin farko ba. Tukunyar da aka girka a kan gaz ba ta yin baƙi, saboda haka wankinta ba ya cin sabulu da ruwa, kuma a garin da yake zaune a kan dutse, wanda ruwansa daga Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram ake jawo shi, inda famfo yake ɗaukewa da rani a koma sayen jarka wurin ƴan ga-ruwa, duk bokitin da aka tsimta kuɗi ne. Sannan ga hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da makamantansu take, tana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara a duniya, kuma mata da ƙananan yaran da suke goye su ne a gaba. Ko ba a kai can ba, jan ido da tari da kuɗin magani abubuwa ne da kowace mai girki ta sani.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙananan abubuwan da murhu yake bayarwa kyauta waɗanda sai an rasa su ake tunawa: garwashin turaren wuta, garwashin dutsen guga, tokar wanke kwanoni da ta ruwan toka, da ɗumin da yara suke kewayewa da safiyar hunturu. Surukata, wadda muke kira Inna, har yau tana cewa miyar gaz ba ta kai ta itace daɗi ba, shayin maigida kuma in ba a kan gawayi aka dafa shi a hankali ba ba ya karɓa. Ban yarda da Inna a kan miya ba, amma a kan shayi ba na musu.

Tsakanin girma ukun, mai kilo 6 ne ya fi dacewa da gida irin namu. Mai kilo 3 kuɗin cikonsa sun fi sauƙin samu, kuma ya isa ɗalibi ko gwauro, amma ga iyali zirga-zirgar shago za ta yi yawa, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Babban yana daɗewa, yana aiki da tiyo da risho na tebur wanda tukunya take zama daram a kansa, sai dai kuɗin shigarsa da na cikonsa sun fi ƙarfin wanda jika biyu ma take yi wa wuya, kuma tun da farashin kilo ɗaya ne babu wata rahusa da girman yake kawowa. Risho na lantarki ban sa shi a lissafi ba. Wanda ya zauna a garin nan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, ba zai jingina abincin gidansa ga lantarki ba. Gidan da ya wuce mutum goma, ko wanda yake samun kara da itace daga gonarsa a Miriya ko wani ƙauye na kusa, ba zai ga ribar kuɗi sosai ba, sai dai ya saye shi don sahur da damina. Wanda yake haya a cikin gari, yake sayen kowane ƙulli na itace da kuɗinsa, shi ne butelin ya fi yi wa rana.

Abin da nake fata a gani a garin nan shi ne wuraren da hukuma ta amince da su, masu kayan aiki na ƙwarai, inda za a cika wa mutum gwargwadon kuɗinsa, kilo ɗaya ko biyu, kamar yadda ake yi a Kano da sauran garuruwan Najeriya. Ba ina nufin masu juye gaz daga buteli zuwa buteli a bayan shago ba, wannan kasada ce da ran unguwa gaba ɗaya. Da mai dala sittin zai iya sayen kilo ɗaya ranar da jika biyu ta gagara, da yawancin butelan da suke jingine a lungunan gidaje sun koma bakin aiki.